Sunaye Biyar Da Na Ba Mai Jar Hula

Ban taɓa yin aiki mai wuya kamar shugabantar mutum goma sha huɗu a sito ba. Ɗaukar kwali ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Shekara goma sha ɗaya ina dako a wani siton 'yan sari a unguwar Cheetham Hill, nan ƙasar Turawa, kayan wasan yara da fitilun ado da tarkacen da ake saye in Kirsimeti ta matso, sannan aka ce na zama sufabaiza. Wata uku na yi a kan muƙamin na raba Kawu da abincinsa.

Kawu ba jinina ba ne. Unguwarmu ɗaya a Kumasi, kuma shi ya kai ni siton nan lokacin da ko bas ban iya hawa ba. Ya haura sittin, idonsa ya fara mutuwa, ba ya ganin ƙananan lambobin da ke jikin kwali. Duk mun sani, ofis ne kaɗai ba su sani ba. In kaya suka iso, wanda ke kusa da shi sai ya karanta lambar da ƙarfi kamar da kansa yake magana, Kawu ya ji, ya kai kwalin inda ya dace. Mun daɗe muna haka. Saura masa shekara biyu ya kai fansho, abin da muke ta lallaɓawa ke nan.

A watan Nuwamba aka kira mu sufabaizoji zuwa babban ofis a Birmingham, can wajen Erdington, wai za a koya mana shugabanci. Sabon manaja ne ya tsaya a gabanmu, matashi mai fararen haƙora, ya ɗora jar hula mai tuntu a ka. Ya haska hoton Baban Kirsimeti a bango, tsohon nan mai ƙaton ciki da farin gemu da buhun kyauta. Ya ce babu shugaba kamar wannan tsoho. Shekara guda yake shirin aikin kwana ɗaya. Ba ya raba kaya da ka, sai da takarda. Kuma ya san kowa, ya san halin da kowa ke ciki. Turancina na sito ne, aji huɗu na tsaya a makaranta, amma na ji duk abin da ya ce.

Sai ya raba mana fom. Ya ce kowa ya rubuta mutum biyar daga cikin mutanensa waɗanda aiki ke fin ƙarfinsu, da dalili, kada a ɓoye komai.

Ni abin da na sani daban ne. A gida, in mai hali zai yi rabo da azumi, ba ya shela. Liman yake kira gefe ya ce, su wa ke cikin matsi? Liman ya faɗa masa gaskiya: wane ba ya gani, wance mijinta na kwance. In liman ya rage wani abu, ya cuci mabuƙaci. To ga mutum da hular mai rabon kyauta a kansa yana tambayata su wa ke shan wuya. Na ɗauka ni ne liman.

Na ga sauran suna juya biro, suna rubuta kalma biyu su tsaya. Wani ɗan Pakistan da ke gefena ya leƙo takardata ya ce a hankali, "Ɗan'uwa, rubutunka ya yi yawa." Na zaci munin rubutuna yake yi wa dariya. Na sa Kawu a farko. Na rubuta maganar idonsa, har da yadda muke karanta masa lamba, don su san abin ya kai inda ya kai. Manajan yana zagawa yana karɓa. Da ya zo kaina ya daɗe yana karantawa, sannan ya ninke tawa ya sa a aljihu, bai haɗa ta da sauran ba.

Na biya masallaci a Sparkbrook na yi la'asar, na sayi dabino a Stratford Road, na hau jirgin ƙasa ina jin na yi abin kirki. Washegari na miƙa wa Kawu dabinon na ce, "Kawu, bana akwai rabo."

Ya ce, "Oga sufabaiza! Tun da aka ba ka rigar nan mai ƙyalli kake magana kamar mai duba. Rabon me?"

"Kai dai ka jira."

"Ina jira. In tabarau ne ka ce musu mai kauri, in ga fuskarka in san ko har yanzu kana da muni."

Matata ce ta fara tsinka min zuciya. A kicin ɗin wata firamare take aiki, ta san al'adun nan fiye da ni. Muna cin tuwo da yamma na ba ta labari. Ta ajiye cokalin miya.

"Maigida, me ka rubuta?"

Na faɗa mata.

"Har da idon?"

"Har da shi. In ban faɗa ba ta yaya za su taimaka?"

Ta ce, "Inna lillahi. Kai shekara nawa kana ɗaukar kayan tsohon nan ba ka san halinsa ba? Ba mabuƙaci yake ba wa ba. Takarda biyu gare shi, ta yaran kirki da ta marasa ji. Na kirki su samu kyauta, sauran a sa musu gawayi a safa. Kullum da shi malamai ke tsorata yara a layin abinci."

Na ce ai Kawu ba yaro ba ne, kuma bai yi laifi ba. Ta ce, "Shi mai hular ka tambaye shi wace takarda ka cika?"

Ban tambaya ba.

Sati biyu ba abin da ya faru, kuma wannan shirun ya fi damuna. Aka rataya fitilu a bakin sito. Aka kunna waƙoƙin Kirsimeti daga safe har tashi. Sai ran wata Talata wani mutum ya zo daga Birmingham da allo a hannu, bai gaisa da kowa ba. Ya tsaya bayan Kawu. Kaya suka iso, wani abokin aikinmu ya buɗe baki zai karanta lamba, mutumin ya ɗaga masa yatsa. Kawu ya ɗauki kwalin, ya kai shi kusa da hanci, ya nisanta shi, ya juya shi. Mu goma sha huɗu muna tsaye. Ya kai kwalin layin da ba nasa ba. Mutumin ya rubuta.

Aka tura Kawu gwajin ido. Aka bar shi ya yi mana aikin Disamba duka, lokacin da ake neman kowane hannu. Ranar da muka sallami motar ƙarshe aka ba kowa kwalin cakulan, shi kuma aka haɗa masa da ambulan. Sun ce wurin da motar ɗaga kaya ke yawo bai dace da mai raunin gani ba, kuma ba su da wani gurbi. Ƙarshen Janairu zai tafi.

A wajen shan shayi Kawu ya ce min, "Ɗana, wani ya kai ni. Shekara biyu ba su gane ba. Ka bincika min, kai ne babba yanzu." Ya fara lissafa waɗanda yake zargi. Ya ambaci wani yaron kirki da ya fi kowa karanta masa lamba.

Na ɗauki hutun kwana ɗaya na koma Birmingham. Na jira awa biyu kafin manajan ya gan ni. Babu hula a kansa yanzu. Na ce masa kuskure na yi, na zaci taimako za a raba, a cire sunan Kawu, in ya so a karɓe muƙamin. Ya saurare ni har na gama. Ya ce ban yi kuskure ba, a cikin sufabaizoji duka ni kaɗai na fahimci darasin, takardata ce ma za su riƙa nuna wa sababbi. Maganar Kawu kuma ta wuce hannunsa. Ya raka ni har ƙofa yana dafa kafaɗata.

Abin da na koya daga tsohon mai farin gemu ke nan. In na sama da kai ya ce yana son sanin halin da mutanenka ke ciki, ka fara tambayarsa me zai yi da sanin.

Washegari da na idar da asuba ban wuce sito ba. Na hau tiram, jirgin ƙasan cikin gari, na sauka kusa da gidan Kawu, na hau bene na ƙwanƙwasa. Ya buɗe da carbi a hannu, yana ƙanƙance ido don ya gane ko wane ne. Na ce, "Kawu, ni ne. Ka daina zargin yaron nan. Ni na rubuta." Na tuɓe takalmina na shiga, na zauna a ƙasa.