Goggo da Rotar Motar Baba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, tara ga watan nan, Allah Ya karɓi ran Goggo, yayar mahaifinmu, a ɗakinta, bayan gajeriyar jinya.

Goggo, tun daga ranar masu gaisuwa ke tururuwa, kowa da labarinsa a kanki, kuma da wuya a kai ƙarshen labari ba a yi dariya ba. Matan da kika karɓa wa haihuwa a shekarun da kika yi kina aikin asibiti sun zo da 'ya'yan, wasu har da furfura. Ni ma bari in ba da nawa.

Baba yana da wata tsohuwar mota shuɗiya, wadda muke cewa Amarya, don ya fi tattalinta a kan kowa a gidan. Da idonsa ya fara hazo, likita ya hana shi tuƙi. Ya ce ai ko ido rufe ya san hanya. Bai daɗe ba ya gogi katangar maƙwabci, ya kuma kusa taka wani mai keke a bakin layi. Mama ta yi magiya, mu 'ya'ya muka yi, duk a banza. Aka ɓoye makulli, ashe yana da wani a aljihu.

Sai kika zo, kika ji ƙorafinmu. Baba na shiga wanka kika ce in ɗaga miki murfin inji. Kika naɗe hannun riga, kika ɓalle maƙalai biyu na murfin distirbuta, inda wayoyin fulogi suke haɗuwa, kika ɗaga shi ba tare da kin tsinke waya ko ɗaya ba. A ciki akwai wani ɗan abu da bai wuce babban yatsa ba, rota, mai raba wa fulogai wuta. Kika zare shi sama, kika naɗe a hankici, kika jefa a jaka, kika mai da murfi. Kin ce direban motar asibiti ne ya koya miki, zamanin da mota kan mace muku a daji da mai naƙuda a baya.

Washegari Baba ya murza makulli, inji ya yi ta gurnani, ya ƙi kamawa. Ya zargi batir, ya zargi mai, ya zargi masu sayar da man. Bakaniken da ya kira, kin riga kin ja masa kunne. Ya leƙa, ya girgiza kai, ya ce kayan irin wannan mota sai an yi odarsu. Ke kuwa kina zuwa kullum da yamma ki zauna kusa da ƙanenki, kina taya shi jajen Amarya da fuskar tausayi.

Haka aka tafi har ranar da naƙuda ta kama matata da tsakar rana, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Layinmu ya cika da ruwa, babu abin hawan da zai shigo. Aka kira ki, kika duba ta, na ga fuskarki ta canja. Kika ce yaron bai kwanta daidai ba, wannan haihuwa sai asibiti, kuma yanzu.

Baba ya tsaya a zaure yana salati, yana cewa da motarsa na da lafiya. Kika buɗe jaka a gabansa, kika warware hankici. Na riƙe miki lema, kika saita tsagar rotar da bakin sandar da take zama a kai, kika danna har ta zauna, kika ɗaura murfi. Murzawa ɗaya inji ya kama.

Baba ya ce, "Yaya, ashe ke ce odar?"

Kika ce, "Shiga baya ka riƙe surukarka. Faɗa sai mun dawo."

Ke kika ja motar cikin ruwan nan. Kafin la'asar an fito da ɗiyata lafiya, uwar ma lafiya. Faɗan kuwa bai yiwu ba. A barandar asibitin Baba ya zaro makulli na biyu daga aljihu, ya sa miki a tafin hannu, ya ce tunda kin fi shi wayo tun kuna yara, ki ci gaba da wahalar. Daga nan duk inda za shi ke kike kai shi, kuna tafe yana gyara miki tuƙin da ba ya gani, kina ce masa to.

Ba ki taɓa kunyata mutum don ki gyara shi ba, Goggo. Kin fi son ki bi ta bayan gida, ki bar masa girmansa.

Allah Ya jiƙanki, Ya yafe miki kurakuranki, Ya haskaka makwancinki. Yadda kika tarbi 'ya'yan mutane da hannu mai taushi, Allah Ya sa a tarbe ki da rahama. Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanki da jikokinki, da Mama, da dukkan dangi. Baba kuma, wanda a shekarunsa yau ya zama maraya karo na biyu, Allah Ya ba shi haƙurin rashin yayarsa. Amin.