Rufin Ajinta a Takarda Arba'in da Biyu

Tana gabana a layin ofishin karɓar takardun neman tallafin makarantu. Dattijuwa ce siririya, gilashinta ɗaure da zare, alli ya kama tsagar yatsunta. Ta rungume wata leda kamar jaririya. Daga lakar takalminta, na san tafiyar ba ta kusa ba ce.

Ma'aikacin ya duba fom ɗinta. "Mama, ina hoton rufin da ke yoyon? Ba hoto, ba tallafi."

"Wayata ba ta ɗauka, ɗana. Amma duba nan."

Ta zazzage ledar. Zanen fensir ne har arba'in da biyu, kowane ɗalibi ya zana hujin daga inda yake zama, wani har da bokitin tarar ruwa. Ma'aikacin yana ta buɗawa, sai ya tsaya kan guda.

"Wannan ai rufinsa lafiya lau."

"Mai zanen ce ke zama daidai ƙarƙashin hujin," in ji ta. "Ta ce a nuna maka yadda zai koma in ka sa hannu."

Har yanzu bai ce "na gaba" ba, kuma babu wanda ya yi tsaki.