Sidi Mai Buɗe Famfon Ɗakin da Ba Kowa

Da hantsi, kafin rana ta dafa tankin da ke kan rufi, Malam Sidi yakan ɗauki bokiti biyu ya hau benen masaukin baƙin Hajiya Hanifa da ke Tambuwal. Ɗakunan da ba kowa yake bi. Ya kwance kan shawa ya jiƙa a maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya buɗe famfo a hankali, ya tsaya har ruwan da ya daɗe a bututu ya fita, sabo ya biyo baya.

A garin da ake koya wa yaro kada ya yi almubazzaranci ko a alwala, wannan aiki bai jawo masa farin jini ba. Masu shara suka laƙaba masa Mai-yi-wa-aljanu-wanka. Bai kula su ba.

Wata jami'ar duba-gari, Malama Mu'minatu, ita ta koya masa. Ta ce akwai ƙwayar cuta, Lajiyonela, mai hayayyafa a ruwa mai ɗumi da ya daɗe tsaye. Da feshin shawa ake shaƙarta ta kama huhu, kuma ta fi yi wa tsofaffi illa. Masaukin nan kuwa yakan daɗe shiru, sannan biki ya cika shi da dattawan Kebbe da Fakku.

Wata bazara rijiyar burtsatse ta ja baya. Hajiya ta ji ƙarar ruwa a ɗakin da ba baƙo, ta ce ko ya bari ko ya koma gonarsa ta Sanyinna, ga shi da iyali.

"Ba ɓarna nika yi ba, Hajiya," in ji shi. "Tsohon da zai shigo nan nika ji ma tsoro."

Ta amince bisa sharaɗin kada ɗigo ɗaya ya bi magudana. Tun daga ranar yake saukowa da kowane bokiti ya juye a gindin dashen lemun tsami a bayan gida. Lemun ya girma, gwiwoyin Malam Sidi kuwa suka tafi da hawan bene.

Malam Sidi, kai ne mai aikin da ba ya barin shaida. Na bi ma'aikatan gidan ɗaya bayan ɗaya, ban sami labarin baƙon da ya tafi da ciwon huhu ba, ban kuma sami wanda ya taɓa gode maka ba. Wannan ya ba ni kunya. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu masaukai, ku leƙa ɗakunanku na rufe.

Ranar da ya ajiye aiki, Hajiya ta tambaye shi abin da yake so a yi masa. Ya ɗaga kai ya dubi benen da ba ya iya hawa yanzu.

"Ɗakin ƙarshe na sama, Hajiya. Tun Sallah ba wanda yas shiga. A buɗe famfo nai."

Ta sunkuya ta ɗauki bokitin.