Zauren Masaƙan Ingila da Zauren Kakana

Da can ba a shiga zauren kakana, Sarkin Dukawan unguwarmu a Kano, da takalmi a ƙafa. A nan ake yaye wanda ya gama koyon aikin fata, a miƙa masa wuƙa da basilla a gaban dattawa. Daga baya awaki suka koma kwana a ciki, dangi kuma suka haɗa baki a rushe shi a yi shaguna. Mutum biyu suka rage ba su amince ba tukuna: ni, da babban ɗan marigayi yayana da ke karatu a Birmingham. Wurinsa na nufa, in shawo kansa ya tsaya tare da ni.

Mun tashi daga unguwar Rusholme a Manchester bayan sallar asuba, ni da surukina, gari bai waye ba, ga yayyafin nan na Manchester da ba ya jiƙa mutum sai a hankali. Muka hau coach, wato babbar motar safa. A tasha na sayi shayi fam uku da rabi, ruwan zafi ne da aka nuna wa ganye daga nesa. Babbar hanyar kuwa ana gyara, an jera robobin tare hanya tafiyar kusan rabin awa, ban ga ma'aikaci ko ɗaya ba. Na ce ashe ba mu kaɗai ba ne.

A Aston, wata unguwa a Birmingham, muka tarar da ɗan nawa a flat ɗinsa mai ɗaki ɗaya, littattafai har kan gado. Ya ba mu shinkafa da wake da yajin gida. Ban tayar da maganar zaure ba. Na ce dai ya raka ni wani tsohon gari kusa, akwai abin da nake so ya gani. Dabarata ke nan: in nuna masa yadda Turawa ke riƙe gadonsu, kunya ta yi sauran aikin.

Jirgin ƙasa ya kai mu. Ginin suna kiransa guildhall, wato zauren da ƙungiyar masaƙa da fataken garin suka gina wa kansu tun zamanin da. Jan dutse ne, rufin katako mai tsayi kamar na tsohon masallaci. Da na isa bakin ƙofa sai na sunkuya na cire takalmi, don haka aka koya mini shiga zauren masu sana'a. Wata dattijuwa mai farin gashi, wadda ke zagayawa da baƙi, ta matso cikin ladabi ta ce in mayar, ƙa'ida ce, kada in zame. Sai a lokacin na lura da kujeru an lulluɓe su da farin ƙyalle, ana ɗaura balan-balan. Biki ake shiryawa na ƙarfe biyu.

Ta ba mu tarihi tsaf. Masu sana'a suka fara zama a nan, suna duba ingancin zane, suna hukunta mai algus. Da ƙarfinsu ya ƙare aka mai da wurin kotu, aka yi ɗakunan tsare mutane a ƙasa. Council, wato hukumar garin, ta zauna a ciki wani zamani, an taɓa raba wa talakawa abinci a madafarsa. Yanzu haya ake bayarwa, ga kuma wurin shan shayi a ƙasa, inda na ga wata tana cin kek ta jingina da ƙofar kurkuku.

A yawace-yawacena na ga majemar birnin Fes, na ga kasuwar fata a Omdurman, warinsu na kora mutum amma akwai hannu a kan aiki. Na tambayi dattijuwar ina jikokin masaƙan. Ta ɗan yi tunani, ta ce ba ta taɓa haɗuwa da ko ɗaya ba.

Duk da haka da muka fito na ce wa ɗan nawa, "Ka ga dai ba su rushe nasu ba."

"Na gani, Baffa. Allah ya ba ka haƙuri, in tambaye ka?"

"Tambaya."

"Cikin 'ya'yanka wa ya iya yanka fata?"

Na kau da kai ina kallon ginin. Ya sake tambaya.

"Kai ɗin fa, Baffa?"

Harshe biyar nake ji, amma tun da aka kai ni boko ban sake riƙe basilla ba. Bai faɗa da raini ba, kansa na ƙasa. Ya ƙara da cewa su waɗannan suna da mai gyara musu rufi duk shekara, namu kuwa daminar bana ce za ta yanke hukunci idan mu ba mu yanke ba.

A hanyar dawowa surukina ya yi ta barci, ni ina kallon robobin nan. Na je neman hujja a gidan wasu, na tarar su ma bango suka ajiye, sana'ar ta daɗe da tafiya. Mun iso Manchester dab da magariba. Washegari na kira gida na ce na amince, a cire mini tsohuwar ƙofar zauren kawai a ajiye. Ɗan nawa ma ya amince. An fara rushewa makon jiya. Dukanci ya fita daga gidanmu, kuma ta hannuna ya fara fita.