Kurayen da Na Kusa Kashewa da Biro

Ranar da na kusa kashe kuraye huɗu da biro ba za ta taɓa fita a raina ba. Lokacin ina aji uku a jami'a, an tura ni koyon aiki wani ofishin kula da namun daji a cikin garin Bauchi. Kullum daga unguwar Ɗan Iya nake zuwa, in samu kusurwa in buɗe littafi. In ban da gaisuwa, ba a jin muryata.

Ofishin na kula da wani ƙaramin gandun daji a bayan gari, inda gwankaye suke ta ƙarewa. A farkon rani aka tsinci gawar guda uku, kuraye sun ci rabi. Oga ya ce in bi masu gadi in rubuto rahoto. Da muka isa, wari ya hana ni matsawa. Na tsaya nesa na toshe hanci, na auna sawun kuraye da rula, na zana shi tsaf.

Na taɓa karanta cewa a ƙasashen ƙanƙara akan rage kyarketai don a ceci manyan bareyinsu da ke neman ƙarewa. Sai na ɗauko wannan dabara ɗungurungum na ɗora wa kurayenmu. Shafi tara na cika, na rufe da shawarar a harbe guda huɗun da ke kwana kusa da mashaya.

Ƙa'idar aikin ita ce, ba a harbin dabba sai Oga ya sa hannu, shi kuma ba ya sa hannu sai babban mai gadi ya yarda. Namu shi ne Baba Haladu, tsohon maharbi da bai yi boko ba. Don haka aka ce in karanta masa a gaban kowa, ina fassarawa. Na gama ina gumi.

Baba ya ce, "Farfesa, rubutu ya yi kyau. Ka juya gawar kuwa?"

Na ce, "A'a, Baba."

"Ka duba ƙafafun?"

"Na duba na kurayen."

Masu gadi suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa don dariya. Baba ya zura hannu a aljihu ya ajiye wata lanƙwasasshiyar waya a kan rahotona, da gashi a jikinta. Wayar birkin babur ce, irin wadda masu farautar sata suke ɗana tarko da ita. A ƙafar gwanki na biyu ya kwance ta, ina can ina awon ƙasa.

Ya ce, "Kura ta tarar da abinci a ɗaure, ta ci. Kai ma da za ka ci. In ka harbe ta, mai tarko ya huta da abokin rabo."

Oga ya mayar da bironsa aljihu. Ya ce, "Rahoton ka riƙe shi, takardar tana da baya, ka yi rubutu a can."

Mako biyu muka yi muna bin hanyoyin mashaya muna cire tarkuna. Ni aka ba buhu, ba wanda ya tambaye ni rula. Kurayen suna nan, ba su san an taɓa karanta musu hukunci ba.

Abin da na koya bai kai shafi tara ba. A wannan aiki, wanda aka tarar yana ci ba lallai shi ya kashe ba, kuma ba a gane hakan sai an matsa inda warin yake. Yanzu in aka kira ni wurin gawa, ni nake fara durƙusawa. Har yau ina amai, amma sai na juya ta tukuna.