Kalmar da Mai Shagon Baima Ya Jefe Ni da Ita

A kasuwar Baima, can ƙasar Sin, akwai wani Basine da nake sayen dogayen rigunan mata a wurinsa. Mun daɗe muna ciniki, kullum laoban yake ce mini, wato maigida. Wata rana na matsa masa da tayi har ya sallama, sai ya ɗaga babban yatsa yana dariya, ya ce, "Laoban, bastad!"

Na tsaya ina kallonsa. Turancin mutumin nan bai wuce na farashi da launi ba. Wa ya koya masa ya ce mini shege?

Zuciyata ta tafi kan wani ɗan zangon Kumasi da ke yi mini lodin kaya ta tashar jiragen ruwa ta Nansha. Shi ya fara kawo ni shagon, kuma a makon nan mun yi cacar baki kan jinkirin kwantena. Na same shi a gidan abinci yana cin tuwo, na tare shi da maganar.

"Alhaji, wallahi ba ni ba ne," in ji shi, amma bai ɗago kai daga kwano ba.

Wani dattijo mutumin Maraɗi da ke gefe ya sa baki. Ya ce su ma suna da kalmar a Faransanci, daga can ma Turawan Ingila suka aro ta. Wai an ce asalinta sunan sirdin alfadari ne, wanda fatake ke matashi da shi a masauki, don haka ɗan da aka samu a kan hanya ake nufi. Dukanmu matafiya ne, babu wanda ya yi dariya.

Washegari na koma shagon na tambayi Basinen. Da hannu da guntun Turanci ya bayyana mini cewa yana jin Kanawa na ce wa junansu "shege" in wani ya iya ciniki, kowa na murna. Shi ne ya tambayi wayarsa, ta ba shi wannan.

"Wa ya rubuta maka a wayar?"

"Meyo," ya ce, wato babu.

Na roƙe shi ya daina, ya daina. Amma na gwada faɗa wa tawa wayar "shege" sau da yawa, ba ta taɓa ganewa ba, sai in an rubuta mata. Da na je ba ɗan Kumasi haƙuri, ya karɓa da sauri, har ya biya mini shayi. Lodi na gaba dai wani na ba.