Ƙahon Kawu Ilu

Kun dai san Kawu Ilu mai gyaran rediyo a kasuwar Madarunfa. Ko cewa ka yi rana ta fito, sai ya ce, "Ba haka ba ne." Gardama ce abincinsa!

To, da likita a Maraɗi ya ce ciwon maƙogwaro zai tafi da muryarsa, mu iyali muna kuka, shi ko cewa ya yi, "Wato matata Hajo ta riƙa magana ni ina shiru? Ba haka ba ne!"

Sai ga shi da ƙahon bijimi daga mahauta. Ya huda ramuka biyar, ya dasa maɓallan matattun rediyo, ya cusa 'yar ƙwaƙwalwar lantarki da ya sayo a Ɗan Issa, ya ja waya zuwa tsohuwar salula. Kowane haɗin yatsu, harafi guda ya fito a gilashin salular.

Na ce, "Kawu, salular ai tana da wurin rubutu."

Ya ce, "Tana da ƙ mai ƙugiya? Yatsuna na shiga? Tashi ka ba ni wuri!"

Babban yatsa kuwa bai ɓata shi a kan harafi ba. Dannawa guda, maganar nan tasa ta fito ɗungurungum. Da muryar ta tafi, Inna Hajo matarsa, wadda ba ta taɓa zuwa lakkwal, wato makarantar boko, ba, ta koyi karatu don kawai ta rama. Maɓallin nan sai da ya goge.

Bayan ya rasu, ranar sadakar bakwai, da rana tsaka, ƙahon na rataye a zaure. Liman ya ce, "Marigayi mutum ne mai haƙuri, ba ya ja da kowa."

Ƙit! Gilashi ya kawo haske: BA HAKA BA NE.

La'ilaha! Zaure ya watse, liman har ya bar takalmi. Wasu suka ce ƙadangare ne ya taka. Ni dai na shafa aljihuna, don ni na cire batirin da hannuna ranar jana'iza, yana nan ciki.

Na miƙa hannu zan sauke shi, Inna Hajo ta riƙe ni. Ta ce, "Bar shi, ɗan nan. Kwana bakwai ba wanda ya musa mini."

Allah ya jiƙanka, Kawu. Ranar da mala'iku suka ce maka ka shiga Aljanna, don Allah ka yi shiru.